Awon Ibada a Garin Daidai-Wa-Daida

A wani gari da ake kira Daidai-Wa-Daida, mutane ba sa tsoron zalunci ko kaɗan. Abin da ke ɗaga musu hankali shi ne a zalunce su fiye da yadda aka zalunci maƙwabcinsu. In ka mari mutumin garin, ba zai tambaye ka dalili ba. Juyawa zai yi ya dubi kuncin na kusa da shi, in ya ga shatin yatsu a can ma, sai ya yi maka sannu da aiki ya wuce.

Wani rafi ne ya raba garin biyu. A Unguwar Tudu masu ibadar Juma'a suka fi yawa, a Unguwar Gangare kuma masu ibadar Lahadi. Gada ɗaya ce ta haɗa su, kuma a tsakiyarta cif aka gina ofishin mai mulkin garin, Mai Girma Kantoma Za-A-Duba, don kada wani ɓangare ya ce an fi kusa da ɗayan. Motoci sai dai su raɓa ta gefe suna gogar bango, amma ba wanda ya taɓa ƙorafi, tunda matsin ya shafi kowa. A ofishin nan Majalisar Kowa-Ya-Ji take zama, rabi daga Tudu, rabi daga Gangare, kowane rabi ya zuba ido a kan kofin shayin ɗaya rabin.

Makarantun gwamnati biyu ne, ɗaya a kowace unguwa. Da aka turo wa garin malamin kimiyya ɗaya da malamin lissafi ɗaya, majalisa ta yi dogon nazari, ta ba Gangare na kimiyya, ta ba Tudu na lissafi. Madubin duba ƙwayoyin cuta guda da aka kawo kuwa kwance shi aka yi, gangar jikin ta tafi Tudu, gilashin ya tafi Gangare. Har yau ba wanda ya taɓa ganin ƙwayar cuta a garin, kuma da wannan hukumar lafiya take kafa hujja cewa babu su.

Mai kula da wannan adalci a makarantu shi ne Malam Barau, Sarkin Awon Makarantu. A da mai awon hatsi ne a Kasuwar Kada-A-Cuce-Ni, kuma a can ya yi suna. In mata biyu suka tsaya gabansa, ɗaya ta ce mudun 'yar'uwarta ya fi nata tsororo, Barau ba ya gardama. Gefen hannu yake sa wa ya share tsororon wancan mudun, dawar ta koma buhu. Matan su tafi kowace fuska a murtuke, amma ba mai ƙara cewa an fifita wata. Wata ranar kasuwa Kantoma ya ga haka da idonsa, ya ce wannan hannu bai kamata ya ƙare a kan dawa ba. Aka ba shi ofis da babur da doguwar hula.

A faɗi gaskiya, Barau ba mugu ba ne. Mutum ne da ya yarda da aikinsa har zuciya, irin mutanen da suka fi mugaye wahalar sha'ani. Kuma duk duniya ba abin da yake so kamar 'yarsa Hansatu, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita na tafe. Tun tana rarrafe yake kiranta Likita, har maƙwabta suka kama. Da yake likita sai da kimiyya, kimiyya kuma tana Gangare, kullum da safe Hansatu ke gangarawa ta tsallaka gada.

A kan gadar take haɗuwa da Rifkatu, 'yar Gangare, wadda ita kuma lissafi ya hau da ita Tudu. Injiniya take son zama, ta ce ko don ta gina wa garin gadar da ba ofis a tsakiyarta. Makarantar Gangare ta hana hijabi, sai wata 'yar hular makaranta da ko kunne ba ta rufewa. Makarantar Tudu kuma ta wajabta hijabi ga kowace ɗaliba, ko wace rana take ibada. Barau ya daɗe da auna wannan ya ga ya yi daidai: an cire wa wannan abin da take so, an ɗora wa waccan abin da ba ta nema ba. Saboda haka 'yan matan suka tsiro da dabara. Da safe a bayan ofishin Kantoma, Hansatu ta miƙa hijabinta, Rifkatu ta miƙa hula. In an tashi su sake haɗuwa, kowa ta karɓi nata, su zauna a kan dakalin gada, wannan ta koya wa waccan kimiyyar ranar, waccan ta biya da lissafi. In aka haɗa su biyun, ɗaliba guda ce cikakkiya, irin wadda garin bai shirya samarwa ba.

Suna dariyar abin, amma yana cin ransu. Hansatu ba ta taɓa sabawa ba, kullum ta cire hijabin sai ta ji kamar ta fito ta bar ƙofar gida a buɗe. Rifkatu kuma takan ce wuni guda take yi tana amsa gaisuwar da ba ita ake yi wa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka garin ba shi da doka. Akwai ta, kuma kyakkyawa. Ta ce kowane ɗalibi yana da 'yancin bauta wa Ubangijinsa yadda ya yi imani, ba mai hana shi, ba mai tilasta masa. An rubuta ta da ruwan zinare, aka sa a gilashi, aka rataye a kowace makaranta can sama kusa da rufi, don kada hannun yara ya ɓata ta.

Rigimar ta taso ne da jarrabawa ta matso, aka ƙara wa 'yan ajin ƙarshe darasin rana, ba a tashi sai bayan la'asar. Azahar ta riƙa wuce Hansatu tana zaune a kan benci. Ta daure, ta daure, ran nan dai ta tafi ofishin shugaban makarantar Gangare, Malam Istifanus, wani dattijo mai sanyin hali.

"Malam, izini nake nema," in ji ta. "In an fita hutun rabin lokaci, in je bayan aji in yi salla. Ba zan daɗe ba."

"'Yata, ni a wurina wannan ba abin neman izini ba ne," Malam Istifanus ya ce, ya yi ajiyar zuciya. "Amma kin san garin. In na ba ki, ba a ba wani a Tudu ba, gobe ba mai iya bin gadar can. Sai an auna."

A makon ne kuma Rifkatu ta je wa shugabar makarantar Tudu, Malama Dije, da tata buƙatar. A taron safe kowa addu'ar masu Juma'a yake biyawa da ƙarfi. Ita dai a bar ta ta tsaya shiru, in an fita hutu kuma ta samu gefe ta rera waƙar ibadarta guda. Malama Dije ta ba ta amsa iri ɗaya, har da ajiyar zuciyar.

Barau ya ji daɗi da labarin ya iso masa. Buƙata biyu, ɗaya a kowane gefe, a lokaci guda. Ba kullum mai awo ke samun irin wannan ba. Da yamma yana wanke baburinsa a ƙofar gida, Hansatu ta kawo masa ruwa ta tsuguna.

"Baba, ai kai ne mai awon. Ka ce a bar ni, ita ma a bar ta, shi ke nan."

"Likita ke nan," ya ce yana murmushi. "Aikin hukuma ba haka yake ba. In kika ga abu ya yi sauƙi haka, to akwai cuta a ciki, sai an zauna an nemo ta."

Aka zauna, aka kuma nemo ta. Wakilin Gangare ya miƙe ya ce salla tana cin ruwa, tana cin tabarma, tana cin wuri, alhali waƙa baki kawai take nema, don haka an cuce su. Wakilin Tudu ya miƙe ya ce sallar azahar a ɓoye ake karatunta, ba ta shiga kunnen kowa, amma waƙa har kunnen wanda bai gayyace ta ba take shiga, don haka su aka cuta. Kantoma ya saurari kowa da natsuwa, ya gyara zama, ya ce za a duba. Sannan ya dubi Barau.

"Ranka ya daɗe, abin a fili yake," in ji Barau. "Tsororon salla shi ne wuri. Tsororon waƙa kuma murya. A share su."

Haka aka yi. Majalisa ta ba Hansatu cikakken izinin yin salla a makaranta, da sharaɗin kada ta yi ta a aji, ko a baranda, ko a fili, ko a gindin bishiya, ko a wani wuri da ke cikin shingen makaranta. Fita daga shinge kafin a tashi kuma da ma laifi ne. Aka ba Rifkatu cikakken izinin rera waƙarta, da sharaɗin kada a ji sauti, kada kuma leɓe ya motsa. Addu'ar safe kuwa aka ce ta ci gaba da biyawa, tunda Hansatu ma tana bin waƙar safe a Gangare. Gidan rediyon garin ya wuni yana shelar cewa Daidai-Wa-Daida ta zama gari na farko da ya ba kowane ɗalibi 'yancin ibada ba tare da an tare wa kowa wuri ko kunne ba.

Da an bar abin haka, da yanzu ba mu da labari. Amma tsofaffin malamai suna da wani ciwo na rashin iya kallon yaro cikin damuwa. Malam Istifanus ya ga yadda Hansatu ke duban inuwa ta taga duk lokacin da rana ta karkata, ya kasa jurewa. Ya kira ta, ya miƙa mata makullin ɗakin ajiye tsintsiya, bai ce komai ba sai, "Ki riƙa duba mana tsintsiyoyin nan lokacin hutu, kada gara ta ci su. Akwai buta a ciki." Da labarin ya kai kunnen Malama Dije, ba ta yi fushi ba, kishi ta ji. Ta ce ba za a fi ta kirki a garin nan ba. Ta buɗe wa Rifkatu ɗakin karatu, wanda da ma ba littafi ko ɗaya a cikinsa, ta ce ta riƙa gwada mata ko ɗakin yana amsa amo.

Magana ba ta kwana a Daidai-Wa-Daida. Kafin mako ya zagayo an turo Barau bincike. Ya fara da Tudu, ya tsaya a bayan ɗakin karatu, ya ji wata siririyar murya tana rera waƙa a hankali, kamar mai rarrashin jariri. Ya gangara Gangare, ya leƙa ta tsagar ƙofar ɗakin tsintsiya, ya ga 'yarsa a tsakanin tsintsiyoyi da bokitai, ta yafa ɗankwali, ta yi sujada. Ya daɗe a tsaye. Zuciyarsa ta yi sanyi irin wanda ya manta da shi tun barinsa kasuwa. Ya hau babur ya nufi gada da murna.

"Ranka ya daɗe, awo ya yi daidai," ya gaya wa Kantoma a gaban majalisa.

"Madalla. An hana su duka ke nan."

"A'a, ranka ya daɗe. An bar su duka."

Wani tsohon wakili da ya fi kowa daɗewa a kan kujera ya cire tabarau ya goge.

"Wannan wane irin daidai ne kuma?" ya tambaya. "Daidai ta sama? Mu dai ta ƙasa muka gada."

Nan take Tudu da Gangare suka goyi bayansa da murya ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba sai ranar da ake ƙara wa majalisa alawus. Kantoma ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya dubi Barau da tausayi.

"Malam Barau, ka yi tunani. In kowa ya samu abin da yake so, majalisar nan me za ta zauna ta yi? Kai kanka me za ka auna?"

Tambayar ta shiga Barau. Ya dubi makullin babur da ke hannunsa, ya tuna zafin ranar kasuwa da ƙaiƙayin dawa. Ya ce a gafarce shi, wataƙila bai duba da kyau ba. Washegari ya ɗauki igiya ya koma, kuma mai neman bambanci da igiya ba ya dawowa hannu wofi. Ɗakin karatu yana da taga, ɗakin tsintsiya babu. Aka toshe tagar da bulo. Ɗakin tsintsiya yana da ƙofa mai makulli, na karatu labule ne. Aka cire ƙofar. Ɗakin karatu ya fi faɗi, aka ja bango a tsakiyarsa, wanda shi ne gini na farko da aka yi a makarantar tun zamanin iyayen ɗaliban, har Kantoma ya je ya yanke ƙyalle. Da aka rasa abin ragewa, sai aka rufe ɗakunan biyu gaba ɗaya. Malam Istifanus da Malama Dije kuma aka yi musu ƙarin girma zuwa ƙauyen Bayan-Dutse, inda ake sa ran gina makaranta nan gaba.

Majalisa ta ƙara da sabuwar doka don rigakafi: duk ɗalibin da aka kama yana ibada a makarantar da ba ta unguwarsu ba, kora ce. Dokar zinaren nan ba a taɓa ta ba, tana nan a sama, sai ma aka sa aka goge mata gilashi.

Kasuwa ita ma ta samu rabonta. Mai fenti ɗaya ne a Kada-A-Cuce-Ni, shi ke rubuta wa ɓangarorin biyu allunan zanga-zanga. Da ya lura duk abu ɗaya suke cewa, sai ya daina wahalar da kansa, kowane allo ya rubuta masa "A Daidaita." In 'yan Tudu sun gama tasu, sai su jingine allunan a bakin gada 'yan Gangare su ɗauka. A cikin kasuwar kuwa, in an kira azahar, mai tumatir ɗan Lahadi ne ke tsare wa mai albasa ɗan Juma'a rumfa, ranar Lahadi mai albasa ya rama. Majalisa ba ta san da wannan ba, shi ya sa har yanzu abin yake tafiya lafiya.

Hansatu ta bi sabuwar doka sau da ƙafa. Ta koma haɗa azahar da la'asar a gida, ranta ba daɗi, amma ta ce saura kaɗan a yi jarrabawa, za ta daure. Rifkatu ma ta yi niyyar daurewa. Sai dai ranar gwajin share fagen jarrabawa, da aka ajiye mata takardar tambayoyi, jikinta ya yi abin da ya saba tun tana ƙarama kafin ta tuna da doka. Ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwa, leɓenta ya motsa. Sabon shugaban makarantar Tudu, wani matashi da ke neman inda zai nuna yana aiki, yana tsaye a kanta. Kafin a karɓi takardu an raka ta bakin ƙofa.

Gangare ta taso gaba ɗaya da alluna. Ba wanda ya ce a mayar da Rifkatu aji. Ko mahaifinta da ya fara faɗin haka, sai aka ja shi gefe aka nuna masa cewa yana zubar wa unguwa da mutunci. Abin da ake nema shi ne a kori ɗaya daga cikin 'yan Juma'a da ke makarantar Gangare. Majalisa ta yi zaman gaggawa, aka kira Sarkin Awo.

Barau ya shigo yana jin kansa. Tun maganar ɗakunan nan yake neman ranar da zai wanke sunansa, ga ta ta zo. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, wannan awo ne mai son ƙwarewa, ba a yin sa da ka. Wadda aka kora mace ce, to mace za a kora. 'Yar ajin ƙarshe ce, to sai 'yar ajin ƙarshe. Ita ce ta ɗaya a ajinsu, saboda haka kada a kawo wata mai barci a bayan aji a ce an biya. A nemo ta ɗaya, mai ƙwazo kamarta, mai tsallaka gada kullum kamarta, wadda iyayenta suka ɗora buri a kanta kamar..."

A nan muryarsa ta tsaya. Majalisa ta ɗauka ya gama ne, ta kaure da tafi. Magatakardan majalisa har ya rubuta, ya busa tawada. A duk makarantar Gangare yarinya ɗaya ce tak ta cika wannan mudu, kuma kowa a ɗakin ya san ta, da Likita suke kiranta.

"Ranka ya daɗe," Barau ya ce da wata murya da shi kansa bai gane ta ba, "ita yarinyar ba ta yi laifi ba. Ko buta ba ta ƙara taɓawa a makarantar ba."

"Laifi kuma?" Kantoma ya tambaya da mamaki na gaskiya. "Yaushe laifi ya shiga awo? Da kake share tsororon mudu, dawar laifin me ta yi maka?"

Tsohon wakilin nan ya ƙara da cewa wannan ita ce ranar da za a san ko garin yana da Sarkin Awo ko kuwa uban yarinya kawai yake biya albashi. Aka yanke cewa, don girmamawa, shi da kansa zai je ya zartar.

Ya tarar da Hansatu a gaban allo, alli a hannu, tana zana wa 'yan ajin hoton zuciyar mutum. Da ta gan shi a bakin ƙofa da hular aiki, ta dubi fuskarsa, ta ajiye allin. Ta kwashe littattafanta, ta gaida malamin kimiyya, ta hau bayan babur. Sai da suka hau gada, suna raɓa bangon ofis, ta yi magana.

"Baba, yanzu ya yi daidai?"

"Ya yi," in ji shi.

Garin ya yi biki. Tudu ta ce ta nuna ba ta tsoron sadaukarwa, Gangare ta ce ta ƙwato haƙƙinta. Aka shirya taro a kan gada, aka rataya wa Barau lambar yabo. Da Kantoma ke ɗaura masa ita, ya raɗa masa tambaya cikin kulawa.

"Ya yarinyar? Tana samun sallarta dai?"

"A kan lokaci, ranka ya daɗe. Kullum."

"To ka gani. Da ma abin da ta nema ke nan."

Barau ya koma gida da lambar a aljihu. Kwanakin da suka biyo baya ya riƙa fita da wuri yana dawowa a makare, don kada ya ga Hansatu tana tankaɗe a tsakar gida a lokacin da 'yan ajinsu ke bitar jarrabawa. Ba ta yi masa fushi ba, kuma wannan ya fi komai damunsa. Ya daina kiranta Likita, ita ma ba ta tambayi dalili ba.

Ana nan sai wakilin Tudu ya zo wa majalisa da mummunan labari. Wani kawun Rifkatu da ke Garin Gaba, inda mutane ba su waye da awo ba, ya zo ya tafi da ita, ya sa ta a makarantar can, har an yi mata rajistar jarrabawa. Wato 'yar Gangare tana karatu, 'yar Tudu tana tankaɗe. Aka aika a kira Barau.

Wannan karon da gudu ya zo. Gani yake wata ƙofa ta buɗe wa 'yarsa. Bai jira an ba shi izinin magana ba.

"Ranka ya daɗe, gyaran mai sauƙi ne. Tunda waccan ta koma aji, a mayar da wannan ma. Har yanzu ba a rufe rajista ba. Ni ban taɓa roƙon majalisar nan komai ba, yau ina roƙo."

Kantoma ya dube shi kamar likita na duban majinyacin da ciwonsa ya dawo.

"Malam Barau, gajiya ce ke damunka, mun sani. Ba wanda zai riƙe ka da wannan magana. Rifkatu 'yar garin nan ce, kuma garin nan ba ya yar da 'ya'yansa a hannun baƙi. Motar Garin Gaba da safe take tashi. Ka je ka dawo mana da ita."

Tudu ta amince. Gangare ma ta amince, don wakilinta ya ce in aka bar yarinyar a can, gobe sai a ce su ne suka fara karya awo.

Da safe Barau ya shirya. A gida ya ce aiki ne zai kai shi Garin Gaba, bai faɗi wane iri ba. Yana sa takalmi a zaure, Hansatu ta fito da sauri, hannunta duk gari, tana riƙe da ɗan gwangwanin kayan lissafinta, wanda ta goge shi har yana ƙyalli.

"Baba, tunda can za ka, don Allah ka nemi Rifkatu ka ba ta wannan. Nata ya karye tun bara, nawa muke amfani da shi. Ni yanzu ba abin da zan yi da shi." Ta ɗan yi murmushi. "Ka ce mata ta natsu ta rubuta da kyau. Jarrabawar ta mu biyu ce."

Ya karɓa. Ya taka har tasha da ƙafa, ya manta da babur. Motar Garin Gaba tana tsaye, inji na aiki, fasinjoji sun matsu suna fifita da hannu. Barau ya tsaya a bakin ƙofarta da gwangwanin a hannu, bai shiga ba, bai kuma juya ba. Ɗan kamasho ya buga jikin motar, ya leƙo.

"Saura mutum ɗaya. Sarkin Awo, kai muke jira."